Zango a Zariya: Abin da matafiyi ke ci daga Kwangila zuwa Samaru da Sabon Gari

Kafin a idar da sallar asuba a masallatan da ke kewaye da gadar Kwangila, an riga an hura wuta. Mai ƙosai ta ɗora kasko, mai shayi ya jera burodi da gwangwanayen madara, direbobin manyan motoci da suka kwana a gefen titi kuma suna saukowa ɗaya bayan ɗaya da buta a hannu.

A nan ne hanyar Kaduna zuwa Kano ta gamu da wadda ta nufi Funtuwa da Gusau da Sakkwato. Duk wanda ya taso daga Abuja ko daga kudu zai shiga Arewa maso Yamma da mota, da wuya bai ratsa ta wannan mahaɗa ba. Kaduna na da nisan kusan kilomita 80 daga nan, Kano kuma kusan ninki biyu na hakan. Wato Zariya ta faɗo daidai inda ciki ke fara kira.

Sai dai ratsawa daban, tsayawa daban. Rayuwar dubban mata da matasa a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ta rataya ne a kan ko matafiyi zai taka birki ko zai wuce.

Baƙin da ke tafe da ɗakinsu

Dattawan da suka yi zamani a kan wannan hanya a shekarun 1970 da 1980 sun san wasu irin matafiya da yanzu ba a ganinsu. Turawa ne 'yan yawon buɗe ido da ke tasowa daga Faransa ko Jamus ko Ingila a cikin motocin Volkswagen da Land Rover da aka mayar da cikinsu ɗaki: ga gado, ga ɗan risho, ga tankin ruwa. Sukan tsallako teku zuwa Aljeriya, su keto Sahara ta Tamanrasset, su biyo Agadas da Damagaram su sauka Kano, inda akwai sansanin 'yan yawon buɗe ido a titin Bompai. Wanda ya nufi kudu daga can, Zariya ce babban gari na farko a gabansa.

Yaƙin basasar Aljeriya da tawayen Abzinawa a arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 suka kashe wannan hanya. Masu irin wannan tafiya a yau gaɓar teku suke bi. Ko Pelumi Nubi, matashiyar da ta tuƙo ƙaramar mota ƙirar Peugeot 107 daga Landan zuwa Legas tsakanin Janairu da Afrilun 2024, tana kwana a cikinta, ta gaɓar yammacin Afirka ta biyo, ba ta tsakiyar Sahara ba.

Amma mai kwana a mota bai ƙare a Zariya ba, kamanninsa ne suka sauya. Direban tirela da ya ɗauko masara daga Giwa zai kai Legas, kan motarsa shi ne ɗakinsa na mako guda ko fiye. Akwai ɗan katifa a bayan kujera, akwai buta da darduma, wani lokaci har da ƙaramin tukunyar gas da yaron mota ke dafa taliya a kai idan sun maƙale a daji. Duk da haka, idan an iso gari, ba a kunna ta. Tukunyar mota ta ranar tilas ce. Wanda ya san hanya ya san cewa kowane zango da abin da ya fi iyawa, kuma kowane abinci da lokacinsa.

Safiya a Samaru

Daga Kwangila idan aka miƙi hanyar Sakkwato, aka wuce Hanwa da Palladan da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, sai a iso Samaru, inda babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello take tun kafuwarta a 1962. Jami'ar na hannu ɗaya na titi, garin na ɗaya hannun, kuma kusan duk abin da ake soyawa ko dafawa a wannan hannun, da ɗalibi a zuciya ake yin sa.

Karin kumallo a nan ba ya jiran kowa. Masa tun jiya da yamma aka jiƙa shinkafarta, aka markaɗa, aka bar ƙullun ya kwana ya tashi. Da sassafe ake zuba shi a tanda, kuma wadda aka kwashe yanzu, gefenta ya yi ƙus-ƙus cikinta na tururi, ba ta haɗa hanya da wadda ta yi awa uku a kula ba. Wasu da miyar taushe suke so, wasu da ƙuli da yaji, yara kuma da sukari. Wanda ya iso ƙarfe goma sai dai ya tarar ana wanke tanda.

Haka ƙosai da koko. Haka ɗanwake, wanda ake kwaɓa garin wake da na rogo da kuka da ɗan ruwan kanwa, a jefa cikin tafasasshen ruwa, a tsamo a zuba mai da yaji. Mai ɗan hali ya sa a yanka masa dafaffen ƙwai da tumatir da kabeji a kai. Abinci ne mai riƙe ciki, shi ya sa direbobi da leburori ba sa raina shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Awara kuwa ba ta da lokaci, daga hantsi har dare ana soya ta. Waken suya ake jiƙawa a markaɗa a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a matse a yanka. A da ana yi mata kallon abin yara. Tsadar nama ce ta ɗaga darajarta, har ta kai ana tsoma ta a ruwan ƙwai, ana yi mata miyar attaruhu da albasa, ana sa ta a ɗan farantin roba da cokali mai yatsu.

Maganar fate

Ba a yi zancen abincin Zazzau an tsallake fate. Bakano ba zai bari ba ma. Tsakanin Kanawa da Zazzagawa akwai wasa na tun kaka da kakanni, kuma da zarar Bazazzagi ya buɗe baki a Kano, tambayar farko ita ce ko ya sha fate kafin ya taso. Shi ma yana da amsarsa a shirye game da gurasa da garau-garau.

Abin da masu tsokanar ba sa faɗa shi ne, da yawansu idan suka samu wanda aka yi da kyau, sai sun nemi ƙari.

Tsakin masara ne ginshiƙinsa. Ana ɗora ruwa da jajjagen tattasai da attaruhu da albasa, a sa manja da daddawa, da ƙashi ko busasshen kifi idan akwai. Wasu kan fara da wake, sai ya yi laushi a zuba tsakin ana juyawa don kada ya yi gudaji. Dakakkiyar gyaɗa ce ke ba shi gardi. Ganye ne ke zuwa ƙarshe: yakuwa don tsami, gauta don ɗan ɗacin nan da masu sonsa ke nema, sai alayyahu da lawashi. Gwanintar mai dafawa tana wurin daidaita tsami da ɗaci, da sanin kaurin da ya dace. Idan ya tsinke ya zama kunu, idan ya yi tauri ya koma tuwon da bai nuna ba.

Matsalar matafiyi ita ce fate abincin gida ne. Ba kasafai ake samunsa a rumfunan bakin babban titi ba, inda shinkafa da miya da taliya suka mamaye. Sai an shiga lungu, a Hayin Dogo ko cikin kasuwar Samaru, an tambayi mai acaɓa ko mai kanti gidan da ake sayarwa. Yawanci yarinya ce za ta fito da kula, ko a miƙa kwano ta zaure, a ce a gaida Inna, a zuba na kaza. Ya fi yawa da damina da farkon kaka, lokacin da yakuwa da gauta suke arha.

Akwai wani abu game da masarar kanta da ba kowa ya lura da shi ba. Kakannin masu shan faten yau dawa da gero suka fi nomawa, masara ta bayan gida ce, a gasa a ci da ɗanyenta. Daga tsakiyar shekarun 1970 ne ta bazu a gonakin wannan yanki, bayan zuwan ingantaccen iri da takin zamani da shirye-shiryen bunƙasa noma irin na Funtuwa da aka fara a 1975. A hankali tuwon masara ya ture na dawa a gidaje da dama, Jihar Kaduna kuma ta shiga sahun gaba a noman masara a Najeriya.

Samaru na da hannu dumu-dumu a wannan sauyi. Tun 1922 ake binciken noma a nan, kafin tashar ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar. Irin da cibiyar ke fitarwa da sunan garin yake fita: masara SAMMAZ, dawa SAMSORG, wake SAMPEA, gyaɗa SAMNUT. A ƙarshen 2019 aka amince da SAMPEA 20-T, waken da aka sauya wa ƙwayar halitta don ya jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda har yanzu ake muhawara a kansa. Can gaba kaɗan a Shika akwai cibiyar binciken dabbobi, inda aka samar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown. Mai cin ƙosai a bakin ƙofar jami'a, ta yiwu kakan waken da ke bakinsa a gonar gwaji ta bayan katangar can aka haife shi.

Rana a Sabon Gari

Idan rana ta take, sai a juyo da mota a sake ratsa Kwangila a gangara PZ, unguwar da har yau ke amsa sunan tsohon kamfanin cinikin nan na Paterson Zochonis. Daga nan an shiga Sabon Gari.

Jirgin ƙasa ne ya haifi wannan unguwa. Layin dogo ya iso Zariya a 1911 a kan hanyarsa ta zuwa Kano, daga baya aka ja reshe zuwa Jos don kuza, aka ja wani zuwa Gusau da Ƙaura Namoda. Turawan mulki suka ware wa ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu wuri nesa da ganuwar birni, kamar yadda aka ware Tudun Wada ga baƙi 'yan Arewa. Sunayen layuka irin su Lagos Street da Benin Street na nan suna ba da shaida.

Mutanen nan da tukwanensu suka zo. Shi ya sa a Sabon Gari matafiyi zai zauna a buka ya ci amala da ewedu a hannun Bayarabiyar da a Zariya aka haifi kakarta, wadda Hausarta ta fi ta wasu Hausawan daɗi. A nan ba Inna ake cewa ba, Iya ake cewa ko Mama. Gaba kaɗan akwai sakwara da miyar agushi, akwai teba da akpu, akwai farfesun kayan ciki da na kifi. A jikinsu kuma ga mai tuwon shinkafa da miyar kuka ko ɗanyar kuɓewa, ga mai dambu da zogale.

Shekara ɗari da ɗoriya na zama tare ya sa an yi aron juna. Agushi ya shiga gidajen Hausawa har ya daina zama baƙo, ɗan Ibo mai shagon kayan gyaran mota kuma ba ya karyawa sai da masa. Wanda ke tafe da iyali masu bambancin baki, Sabon Gari ta fi yi masa sauƙi fiye da ko'ina a Zariya.

Wurin ajiye mota ne abin ji. Titunan da ke kewaye da kasuwar Sabon Gari an yanka su ne lokacin da keke da amalanke suka fi yawa. Mai babbar mota gara ya bar ta wajen PZ ya hau Keke Napep.

Ga mai son abu mai sanyi, fura da nono na nan iri biyu: ta matan Fulani da ke damawa a ƙwarya da ludayi, da ta shaguna da ake markaɗawa a inji da kindirmo da ƙanƙara. Masu son ta gargajiya na cewa inji na kashe gardin gero da ƙamshin citta da kanumfari. Suna da gaskiya, ko da yake a zafin watan Afrilu ba kowa ke tsayawa sauraronsu ba.

Idan magariba ta yi

Bayan la'asar mahauta ke fara kafa tsire a tukuba, a jera tsinke a kewaye wuta, ana juyawa ana yayyafa mai. Mai gaggawa da ya ce a ba shi wanda bai gama yi ba, shi ya jiyo. Tsire na son a ɗanɗana kafin a yi ciniki, kuma mahaucin kirki da kansa zai yanko ya miƙo a kan wuƙa. Balangu da gasasshiyar kaza na biye, a naɗe a takarda da albasa da yaji. Kilishi shi ne na tsaraba, domin an shanya shi, an tsoma a labu, an sake shanyawa kafin ya ga wuta, zai yi makonni bai lalace ba.

Teburin mai shayi ne ke rufe dare. A nan direba ke cin Indomie da ƙwai, ya sa wayarsa caji, ya ji labarin hanya: inda aka tare jiya, inda tirela ta faɗi, inda ake samun man dizal da sauƙi. Wannan labari kan fi abincin amfani.

Cinikin da ke raguwa

Masu wannan sana'a sun sha bugu bi da bi a 'yan shekarun nan.

Na farko tsaro. Garkuwa da mutane a hanyar Abuja zuwa Kaduna da yankin Giwa da Birnin Gwari ya sa masu ƙananan motoci da dama suka daina tafiyar dare. Wanda ke tseren isa gida kafin duhu ba ya tsayawa jiran tsire. Gyaran babban titin Kaduna zuwa Kano da aka fara a 2018 ya rage wahalar tafiya, amma ya kuma rage dalilin tsayawa.

Na biyu yajin aiki. Lokacin da malaman jami'o'i suka rufe azuzuwa daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, wata takwas cur, Samaru ta yi tsit. Mai awarar da ke jiƙa kwano biyar ta koma ɗaya, wasu suka kife kasko gaba ɗaya. Babu wanda ya biya su albashin watannin.

Sai ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wanda ya tilasta wa har mai ƙosai neman lambar asusu. Yau ba abin mamaki ba ne a ga lambar OPay ko Moniepoint a rubuce a jikin kwali kusa da kasko. Kafin a farfaɗo daga wannan, aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma a tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci ta kai kusan kashi 40 cikin 100 a ƙididdigar hukuma.

Mai abincin bakin titi ba ta iya ninka farashi yadda ɗan kasuwa ke yi, domin ta san aljihun masu sayenta. Abin da take yi shi ne rage girma. Ƙosai ya ƙanƙance, masa ta yi sirara, nama a miya ya koma abin nema da cokali. Matafiyin da ya tsaya yana ja-in-ja da ita a kan naira hamsin, bayan ya zuba na dubu arba'in a tanki bai ce uffan ba, ya kamata ya sake lissafi.

Kula da ciki

Tsoron ɓacin ciki ne ke hana wasu, musamman masu tafe da yara, cin abincin hanya. Tsoron na da tushe. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki.

Direbobin da suka daɗe a hanya na da ƙa'idarsu, kuma ba ta saɓa wa ta likitoci ba. A ci abin da aka sauke daga wuta a gaban ido. A je inda layi yake, domin abincin da ake rububi ba ya kwana. A yi hattara da ɗanyen ganye da aka yanka tun safe, da zoɓo ko kunun ayar da ba a san ruwan da aka yi su da shi ba, balle da damina. A duba man suya, idan ya yi baƙi ƙirin a ƙara gaba. Mai mota kuma yana da gatan da fasinja ba shi da shi: zai iya tafiya da kwanonsa da ruwan wanke hannu, ya huta da zuba abinci mai zafi a leda.

Da wannan kwanon ne ma za a iya sayen fate a lungun Samaru da rana, a rufe, a sha a inuwar wata bishiya bayan an fita gari.

Wanda ya nufi Kano, tsarabarsa ta ƙarshe na jiransa a gaba. Ƙasar Makarfi ƙasar rake ce, kuma daga kaka zuwa ƙarshen sanyi ana jera shi dami-dami a bakin titi wajen Tashar Yari, tare da mazarƙwailar da aka dafa daga ruwansa aka zuba a ƙananan kwanoni ta daskare. Yara na rugowa da zarar mota ta rage gudu, kowa na ɗaga nasa, ana cewa Alhaji a duba wannan, farar ƙasa ne, ba ƙwari. Mai saye ya duba tsawon gaɓa, ya ƙwanƙwasa, ya sa a fere masa guda na hanya, sauran a ɗaure a saman mota.